Mai Gudun Dogon Zango Da Tukunyar Gidansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya daidaita gaɓoɓinsa, Ya ba shi ƙafafun tafiya da numfashin da ke ɗauke da su. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk wanda ya saba yin sallar Asuba a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, in ya ɗan dakata a bakin titi bayan an sallame, kafin ababen hawa su cika hanya, zai ga waɗansu mutane suna wucewa a guje ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu sun taso daga Kawo sun biyo titin Ali Akilu, waɗansu daga Badarawa ko Unguwar Dosa, galibinsu kuwa sun nufi shataletalen Lugard Hall, daga nan su zarce Dandalin Murtala, watau tsohon filin sukuwa. In lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, ba a ganin fuskokinsu sosai, sai dai a ji takun kambas a kan kwalta. A da yara kan bi irin waɗannan mutane da ba'a, suna tambayar ko wa ya koro su. Yanzu an saba.

Da yawa daga cikinsu magidanta ne masu tumbi waɗanda likita ya tsorata da batun hawan jini ko ciwon sukari. Su kan yi sassarfa ta rabin awa, su koma gida su yi wanka su tafi ofis. Waɗannan babu wata magana a kansu, sai fatan Allah Ya ƙara lafiya. Amma a cikin ayarin akwai waɗansu 'yan ƙalilan, sirara kamar sillen kara, waɗanda suka ɗauki gudun dogon zango tamkar sana'a, suna shirin shiga tsere. Ɗayansu ya kan ci kilomita 15 ko 20 kafin rana ta yi zafi, wata rana kuma ya sake fita bayan La'asar. A kan waɗannan ne za a yi nazari a wannan mako.

Tambayar da aka fi yi wa malamai game da su ita ce, shin gudu ya halatta? Amsar wannan ba ta da wuya. Ya zo a cikin littafin Abu Dawuda cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, a wata tafiya, ta rigaye shi. Bayan waɗansu shekaru da ta yi jiki suka sake, shi kuma ya rigaye ta, ya yi mata raha cewa an rama. Imamu Muslim kuma ya kawo labarin Salamatu ɗan Akwa'u, sahabin da ya bi mahara a ƙafa shi kaɗai ranar da suka kore raƙuman Annabi, yana gudu yana harbinsu da kibau har ya ƙwato abin da suka kora, aka ba shi rabon mai doki da na mai ƙasa gaba ɗaya. A kan hanyar komowa Madina ma sai da ya yi tsere da wani mutumin Ansaru ya cinye shi. Abin da kawai malamai ke jan kunne a kai shi ne kiyaye lokutan salla da suturce al'aura, domin wandon da ake yi wa 'yan tsere ba ya kai gwiwa. Telolin Kaduna kuwa ba su gaza ɗinka wando mara nauyi mai rufe gwiwa ba.

Tambaya mai wuya wata ce daban, ba a cika yin ta ba. Mutane na yaba mai gudu saboda haƙurinsa, kuma ya cancanci yabo: ya tashi lokacin da barci ya fi daɗi, ya jure sanyin Janairu da zafin Afrilu, ya bar hirar dare, ya bar shaye-shaye. To, amma haƙurin da ake gani a kan titi ba shi kaɗai ne haƙurin da gudun nan ke ci ba. Akwai wani a cikin gida, bayan labule, wanda mai shi bai zaɓa ba, ba a kuma ba shi lambar girma a kansa. Shin ya halatta mutum ya gina burinsa a kan haƙurin wani? In ya halatta, da wane sharaɗi?

Domin a gane nauyin tambayar, ya kamata mai karatu ya san abin da gudun ke bukata. Tseren da ake kira gudun yada ƙanin wani tsawonsa kilomita 42 ne da ɗoriyar mita 195, watau kusan rabin tafiyar Kaduna zuwa Zariya. Rabinsa kuma kilomita 21 ne da 'yan kai, irin wanda Gwamnatin Jihar Kaduna ta shirya a cikin wannan birni ran 21 ga Nuwamba, 2020. Ba a shiga irin wannan tsere da shirin mako biyu. Wanda ke son a ambaci sunansa cikin na gaba sai ya riƙa cin fiye da kilomita 100 a kowane mako, wata da watanni. Masana aikin jiki kuwa sun auna cewa mutum mai nauyin kilo 60 ya kan ƙona kimanin kalori 60 a kowace kilomita, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In ya yi kilomita 120 a mako, ke nan yana bukatar ƙarin kalori wajen 1,000 kowace rana a kan abincinsa na yau da kullum. Wannan ya kusa abin da ƙaramin yaro ke ci a yini guda. Watau tamkar an sami ƙaruwa ce a gidan, an ƙara baki ɗaya a kan tukunya, ba a yi suna ba, dangi ba su kawo gudummawa ba. Ga kuma takalmi, wanda ba ya wuce kilomita 800 bai mutu ba. Ko na gwanjo ne, irin wanda aka daɗe da sanin Kasuwar Barci da shi, sai an sake saye cikin wata biyu.

A ɗauki misalin wani matashin magidanci a Unguwar Shanu ko Hayin Banki, mai ciki da falo a gidan haya, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, na ƙarshen yana goye. Sana'arsa walda ce ko gyaran babur, abin da ya samo yau shi za a ci gobe. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowa ya shaida yadda kuɗin cefane ya daina kai inda ya saba kaiwa. Wannan bawan Allah ya dawo daga gudu ƙarfe bakwai da rabi, ƙafafu na rawa, ciki na ƙugi. Koko da ƙosai biyu ba za su riƙe shi ba, gaskiya ne, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai horar da shi ya ce masa ya riƙa cin ƙwai, da wake, da madara, da ɗan nama in an samu. Sai uwargida ta ɗumama tuwon jiya ta ba shi malmala biyu, ta dafa ƙwai biyun da suka rage ta ɗora masa. Yara suna kallo. Ba ta ce kome ba, shi ma bai tambaya ba.

A nan ne ya kamata a buɗe littafi. Malaman Malikiyya sun yi bayanin ciyar da iyali filla-filla, kuma Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya jera abin da ke wajaba a kan miji: abinci, da mahaɗinsa, da tufafi, da wurin zama, gwargwadon ƙarfinsa da matsayin matar da al'adar gari da tsadar kaya. Ya ƙara da abu biyu waɗanda suka shafi wannan magana kai tsaye. Na farko, ko da matar mai yawan ci ce, wajibi ne a ƙosar da ita, ba a auna mata da cikin wata. Na biyu, mai shayarwa ana ƙara mata abin da zai ƙarfafa ta. Likitocin zamani sun zo sun ƙiyasta wannan ƙari da kimanin kalori 500 a rana. To, mai karatu ya duba. A cikin gidan nan na Unguwar Shanu akwai mutum biyu da jikinsu ke neman ƙari, mai gudu da mai goyo. Ɗaya shari'a ta ambace ta, ta wajabta ƙarinta a kan mijinta, har ta ba ta ikon kai ƙara gaban alƙali in an gaza ciyar da ita. Ɗayan kuwa ƙarinsa halal ne kurum, ba wanda aka ɗora wa. Amma da safiyar nan ƙwan ya tafi kwanon wanda ba a wajabta wa ba. Al'adar gidajen Hausawa ce ta kai shi can, domin maigida ake fara zuba wa, a zaɓa masa tsoka, sa'an nan yara, uwa kuwa sau da yawa da ƙanzo take tashi. Al'adar ba laifi ba ce a lokacin yalwa. A lokacin ƙunci kuwa ta kan juya tsarin da shari'a ta yi, ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba.

Mai gudu yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Zai ce abincin nan jari ne. Manomi ba ya cinye iri ko da yunwa ta shiga gida, domin ya san a cikinsa hatsin baɗi yake. In Allah Ya sa ya ci tsere ɗaya, kuɗin da zai samu sun fi abin da walda za ta kawo a shekara, kuma iyalin nan su za su fara amfana. Wannan magana tana da ƙarfi, in dai gudun sana'a ce ta haƙiƙa. Sai dai manomi ya ga kaka da idonsa, bara da bara waccan, ya san abin da mudun iri ke haifarwa a gonarsa. Mai gudu fa, me ya gani? A tseren Kaduna na 2020 'yan Kenya ne suka zo na ɗaya, maza da mata. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa garin Iten, inda da yawansu ke atisaye, yana bisa tudu mai tsawon mita 2,400, alhali Kaduna ba ta fi mita 600 da wani abu ba, kuma jinin wanda ya tashi a kan tudu ya fi ɗaukar iska. A cikin gida Nijeriya ma 'yan Jihar Filato ne suka fi cin irin wannan tsere. Ba ana nufin ɗan ƙasar nan ba zai kai ba. Abbas Mohammed ya wakilci Nijeriya a gudun yada ƙanin wani na wasannin Olamfik a Seoul a 1988, a 1990 kuma ya gama shi cikin awa 2 da minti 16, lokacin da aka daɗe ana lissafa shi a matsayin mafi sauri na ɗan Nijeriya. Kaduna kanta ta karɓi baƙuncin wasannin ƙasa a 1977 da 2009. Amma 'yan tsere da yawa, a nan da Kenya, soja ko 'yan sanda ko wata hukuma ce ta ɗauke su aiki, albashi na zuwa ƙarshen wata ko an ci ko ba a ci ba. Mai walda ba shi da wannan inuwa. Saboda haka wajibi ne ya yi wa kansa hisabi na gaskiya, ya sa mai horar da shi ya faɗa masa ba tare da kara ba: lokacin da yake yi, ya kusa na masu cin kyauta ko kuwa da sauran nisa? Ya kuma yanka wa kansa wa'adi. Abin da aka shekara biyar ana zuba wa abinci bai mayar da ko kwabo ba, a kira shi buri, kuma buri ba ya shiga gaban ciyarwa ta wajibi.

Ko kyautar ma akwai magana a kanta, a taƙaice. A cikin Muhtasar an keɓe sa lada ga tseren dawaki da raƙuma da harbi, sauran tsere kuwa a yi su kyauta. Malaman Hanafiyya sun shigar da tseren ƙafa, kuma da yawa daga malaman wannan zamani sun halatta karɓa idan gwamnati ko wani kamfani ne ya sa kuɗin daga aljihunsa. Inda ake gudu shi ne a tara kuɗi daga hannun 'yan tsere a ba wanda ya ci, domin wannan ya shiga caca.

Akwai wani labari a cikin Sahihul Buhari wanda ya fi kowane dacewa da gidan mai gudu, ko da yake babu gudu a cikinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, Allah Ya yarda da su. Wata rana Salmanu ya kai ziyara, ya tarar da matar gidan cikin tsummoki, ba kwalliya ba gyara. Ya tambaye ta dalili, ta gaya masa cewa ɗan'uwansa ya fita batun duniya. Da Abu Darda'i ya zo ya kawo wa baƙo abinci, ya ce shi yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai tare, har ya sa shi ya karya azumin nafilarsa. Da dare ya yi ya tashi zai yi salla, Salmanu ya mayar da shi shimfiɗa, ya sake tashi ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi tare. Sa'an nan ya tuna masa cewa bayan hakkin Ubangijinsa, jikinsa da iyalinsa ma suna binsa hakki. Da maganar ta kai gaban Annabi, sai ya gaskata Salmanu.

Abu Darda'i ba wasa ya shagaltar da shi ba, ba kuma neman kyauta ba. Azumi ne da tsayuwar dare, ayyukan da babu mai shakkar darajarsu. Duk da haka aka rage masa su saboda matarsa. In an taɓa nafila saboda hakkin iyali, ina ga atisayen tsere? Sa'an nan akwai wani abu a cikin labarin da ba a cika lura da shi ba. Salmanu bai gane halin gidan daga fuskar maigida ba. Da Abu Darda'i ya tarar a ƙofa, da sai ya ga mutum mai haske, mai natsuwa, wanda ya mallaki zuciyarsa, ya koma yana yabonsa. Daga tufafin matar ya gane. Ita kuwa ba ta kai ƙara wurin kowa ba, sai da aka tambaye ta. Haka al'amarin mai gudu yake. Abokan atisayensa agogo suke dubawa, su ga ya rage minti ɗaya, su yi masa barka. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin wuyan uwargida ko zanen da take ɗaurawa.

Wani zai ce ai ta yarda, an tambaye ta ta ce ba kome. Lalle yarda tana halatta abu mai yawa. Mace tana da ikon yafe wani sashe na hakkinta, kuma matan kirki da yawa sun yi haka da zuciya ɗaya don su ga mazansu sun kai inda suke so, ladansu yana wurin Allah. Amma wanda ya san gidan Bahaushe ya san nauyin kalmar nan. 'Yar da aka yi wa tarbiyya da kunya da kawaici, aka kai ta ɗaki da wasiyyar yi na yi bari na bari, in mijinta ya ce, "Ko akwai damuwa?" amsarta ɗaya ce: "Ba kome, Malam." Za ta faɗi haka ko ta ƙoshi ko ba ta ƙoshi ba. Imamu Gazali ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa abin da aka karɓa daga hannun mutum saboda kunya ta hana shi ƙi, bai halatta ga mai karɓa ba, domin kunya ma bulala ce, sai dai a zuciya take sauka. In haka ne a tsakanin mai roƙo da wanda aka roƙa a kasuwa, to, tsakanin miji da mata ya fi, tun da ita ba ta da inda za ta kauce. Yardar da za a dogara da ita ita ce wadda aka nema bayan an shimfiɗa lissafi a fili, ga abin da ke shigowa, ga abin da gudun ke ci, ga wa'adi, kuma ta tabbata cewa in ta ce a'a ba za a ɗaure mata fuska mako guda ba. Hakkin yara kuwa ba nata ba ne balle ta yafe.

Ba abinci kaɗai gudun ke ci ba, yana cin lokaci. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya gama kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a birnin Vienna a 2019, a shekarun ganiyarsa a sansanin Kaptagat yake kwana yawancin mako, sai ƙarshen mako ya koma wurin iyalinsa a Eldoret. Shi ya bar musu wadata. Mai gudun Kaduna a gida yake kwana, amma wani lokaci da shi da babu duk ɗaya. Ya fita kafin yara su farka, ya dawo ya wuce wurin aiki, da an yi Isha'i barci ya kwashe shi. Wa zai raka yaro Islamiyya, wa zai saurari haddarsa? Dogon gudu kuma a ranar Asabar ko Lahadi ake yinsa, ranakun ɗaurin aure da gaishe da iyaye. Jana'iza ma ba ta duba jadawalin mai horarwa. Sai a wayi gari an san mutum a Dandalin Murtala, an manta fuskarsa a zauren mahaifinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ranar da aka rataya masa lamba aka ɗauki hoto, ba a ganin wadda ta wanke rigar.

Amma adalci bai yarda a tsaya nan ba, domin iyali ma su kan yi nasu zaluncin. Akwai gidan da Allah Ya ba yaro baiwar gudu, aka bi shi da gori har ya bari, ana ce masa aikin banza, ana ce masa ɗan tasha. Alhali a garin da sai da Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya cinye matasa, saurayin da ke kwanciya da wuri don ya tashi gudu ni'ima ce ga iyayensa. Awa biyun da ya yi a kan titi, maƙwabcinsa ya yi huɗu a majalisa ana cin naman mutane, ba wanda ya ce ya tauye iyali. Jiki kuma yana cikin masu hakki a maganar Salmanu, ƙarfinsa amana ce, kuma kasala ba taƙawa ba ce. Matar da ta ga mijinta ya sauke nauyin gida, ya ajiye cefane, sa'an nan ta riƙa ɓata rai don kawai ya fita gudu, ita ma ta duba kanta. In kuma macen ce mai gudu, sai maganar ta juya gaba ɗaya, a ga ko mazan da ke neman a yi musu haƙuri za su iya riƙe jariri na awa ɗaya.

Watan Ramalana shi ke fito da duk abin da ke ɓoye. Daga 2023 zuwa 2025 azumi ya faɗo ne a watannin Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da kwaltar Kaduna ke tururi tun hantsi. Hukunci a nan a bayyane yake: atisaye ba uzuri ba ne na shan azumi. Wanda ya yi tafiya zuwa Legas don tsere matafiyi ne, yana da rangwamen matafiyi, da sharuɗɗan da Malikiyya suka sa, watau tafiyar ta kai mil 48, ya fita kafin alfijir, bai kuma yi niyyar zaman kwana huɗu ba, ya rama daga baya. Wanda ke gida kuwa sai ya tanƙwara gudun ya bi azumi. Wannan ba abin da ya gagara ba ne. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa ƙasar Holan gudu, ta yi shirin tseren Landan na 2023 tana azumi, ta kuma zo ta ɗaya ran 23 ga Afrilu, kwana biyu bayan Ƙaramar Salla, a karonta na farko a wannan zango. Masu horarwa kan ba da shawarar a rage nisa, a fita gab da faɗuwar rana don a dawo a tarar da ruwa, ko a bari sai bayan Asham. Wanda ya matsa wa kansa da gudun rana har ya faɗi aka ɗura masa ruwa, shi ya jawo, domin Allah bai ɗora masa wannan ba.

Sai dai kowace daga cikin dabarun nan biyu tana da wanda ke ɗaukar ɗawainiyarta. In ya fita gab da Magariba, ya bar mai goyo da azumi a bakinta, ga murhu, ga yara, a daidai lokacin da aikin gida ya fi yawa, ya dawo ya tarar da kunun gyaɗa da ƙosai da dabino an jera. In ya bari sai bayan Asham, ya shigo wajen sha ɗaya na dare da yunwa sabuwa, a tashe ta ta ɗumama abinci, ta wanke kwanuka, ta kwanta sha biyu ta wuce. Ƙarfe uku da rabi kuma ita ce a tsugune gaban gawayi tana dafa sahur, rabon mutum biyu don shi kaɗai, shi kuwa yana barci, domin mai horarwa ya ce jikin ɗan tsere sai da hutu. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana taya iyalinsa aikin gida, in lokacin salla ya yi ya fita. Ƙafafun da ke iya kai mutum Kawo su dawo da shi kafin gari ya waye, ba za su gaza kai shi bakin rijiya da bokiti biyu ba, ko wurin mai niƙa, ko su tsaya da shi gaban murhu dare ɗaya cikin uku, mai goyo ta sami barcin awa guda kafin kiran salla.